Waƙar da Yaya Nura Ya Aiko daga Istanbul

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau sai na rubuta, ko da a bayan littafin awon ɗinkina ne.

Yaya Nura ya aiko da waƙa. Shekararsa shida a Istanbul yana guga a wani kamfanin ɗinka riguna, kuma duk tsawon shekarun nan saƙonsa bai taɓa wuce "ya kuke, ya Inna, ya ruwa" ba. Yau ina kan keke ina haɗa hannun wata riga sai ga saƙo mai minti shida. Na ɗauka kuskure ne. Da na danna sai na ji wani tsoho, muryarsa kamar an goge ta da yashi, yana kaɗa wani abu mai tsirkiya da ya yi kama da gurmi amma ya fi gurmi kuka. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na ɗinke hannun rigar a baibai.

Na kai wa Inna ɗaki. Tana kwance ta ba ƙofa baya, yadda take yi kwanan nan. Na ajiye wayar kusa da filonta. Kafin tsohon ya kai rabi ta juyo.

Ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Baturke ne."

Ta ce, "Ko ma waye, gida yake so ya je. Sake sa min."

Sau biyar muka ji. Ta sha rabin kofin kunu ban roƙe ta ba.

Alhamis za mu koma asibiti karɓo takardar gwajin Inna. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan Azahar

Na dami Yaya da tambaya har ya ce in bar shi ya ci abinci. Ga abin da na samo.

Sunan tsohon Baba Dursun, mahaifin ogansu ne, ya haura saba'in. Ba ya aiki. Zuwa yake ya zauna gindin tukunyar shayi yana yi wa ma'aikata faɗa, ranar da ransa ya so kuma ya ɗauko abin kiɗan nasa, saz suke ce masa. Yaya ya ce ma'anar Dursun ita ce "ya zauna", irin sunan da ake raɗa wa yaro idan 'ya'ya na ta mutuwa, kamar Barau ko Ajuji a wurinmu. To bai zauna ba. Yana ɗan ashirin ya bar ƙauyensu da ke kan duwatsu, ya yi shekaru a Jamus a masana'antar ƙarfe, ya dawo ya tare a Istanbul. Ƙauyen yanzu tsofaffi huɗu suka rage.

Ashe waƙoƙin nan jinsi guda ne a can, masu yawan gaske. Duk na mutanen da suka tafi nema ne suka kasa komawa. Suna da kalma ɗaya da ta haɗe zaman baƙunci da kewar da ke cikinsa, wai gurbet. Na yi ta maimaita ta a baki ina yanka yadi. Kusa take da gurbi.

Wadda ya aiko, in ji Yaya, ta ƙauyen Baba Dursun ce, ya ƙara mata baitocinsa. Mutum ne ya ce da uwarsa zai dawo idan dusar ƙanƙara ta narke. Ta narke sau arba'in. Yana tambayar jirgin ƙasa ko har yanzu ana share ƙofar gidansu.

Na fassara wa Inna. Can ta ce, "Gwaggona ma wata uku ta zo yi." Mahaifiyarta take nufi, wadda ta biyo mijinta daga Kazaure zuwa aikin haƙar kuza, aka binne ta a Kuru.

Rabon da in ji Inna ta ambaci Kuru har na manta.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Inna ta yi waƙa.

Ina wanke-wanke ana yayyafi sai na jiyo ta. Na shiga da kumfa a hannu, na sa waya tana ɗauka ba ta sani ba. Ban taɓa jin wannan ba a rayuwata:

Na zo kuza in yi wata uku,
Ga jikana yana rarrafe.
Mai mota, in ka je Kazaure,
Ka ce da Gwaggo ina nan tafe.

Ta ce matan da ke wankin kuza a bakin tafki ne suke yi, ita ma ta yi lokacin tana amarya. Baiti uku ta rera ta tsaya. Na ce ta ci gaba, ta ce ya ƙare.

Na tura wa Yaya. Da ta gane na ɗauka ta jefe ni da mafici, amma tana dariya. Dariya fa, har da haƙora.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe uku

Mun je. Mun dawo. An yi ruwa da ƙanƙara a hanya.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Inna ta sa na rantse ba zan faɗa wa Yaya ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, takardar zamansa ta ƙare shekara biyu ke nan. In ya fito daga ƙasar nan ba za su bar shi ya koma ba. Ya zo ya yi me a nan Gangare? Ya zauna ya kalle ni?"

Na rantse.

Takardar asibitin tana cikin akwatin keke, ƙarƙashin zare.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Na yi tsalle a tsakar gida kamar ba mace mai shekara talatin ba, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Yaya ya kunna wa Baba Dursun muryar Inna. Wai tsohon ya ajiye kofin shayi, ya ce a sake. Sai ya ɗauko saz ya fara bin ta a hankali, yana lalube, har ya kama. Suka ɗauka suka aiko. Innata, Balaraba ta layin bayan masallaci, da wani dattijo a bakin teku, a waƙa ɗaya. Inda ta ja numfashi shi sai ya cike da tsirkiya, ka ce tare suka taso. A bayansu ana jin injin guga yana huci da wani yana cewa a yi shiru da yarensu.

Inna ta tashi zaune da kanta, ta gyara ɗankwali, sai ka ce yana ganin ta. Ta ce, "Ya iya. Amma ya yi sauri a baiti na biyu. Ki faɗa masa."

Na faɗa wa Yaya, ya faɗa masa. Amsa ta dawo: wai ya karɓi gyara, amma shi ma yana da nasa ƙorafin. Waƙar nan ba ta cika ba. Ya ce shekara hamsin yana kiɗa, ya san waƙar da ke jiran amsa. Ina amshin?

Inna ta kwanta ta juya ga bango. Na ɗauka shi ke nan. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Akwai amshi. Ban manta ba. Amma ba bakina ne zai faɗa ba. Baƙuwa ke kuka, 'yar gari ke amsawa. Na Chundung ne."

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Bari in rubuta wannan sau ɗaya in wuce. A Kuru aka haife mu. Mun baro ta shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin rikici, a bayan motar sojoji zuwa sansanin 'yan gudun hijira, da kayan jikinmu kawai. Baba bai shigo motar ba. Ngo Chundung maƙwabciyarmu ce, Birom ce, Ngo suke ce wa uwa, shingen ƙyarana ne kawai tsakanin gidanmu da nata. Ita ta yanke min cibiya. Ni da 'yarta Loyis kwano ɗaya muke ci. Tun ranar ba mu sake haɗuwa ba.

Daga nan zuwa Kuru bai kai awa ɗaya a mota ba. Yaya da ke Istanbul ma muna jin muryarsa.

Zan nemo amshin nan. Na yanke shawara, kuma tun da na yanke nake jin jikina sakayau. Na gama riga biyu kafin Azahar.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe shida

Yaya ya tambaya me ya sa muryar Inna take yankewa a tsakiyar baiti. Na ce sanyin damina ne. Ya ce in kira shi ta bidiyo ya gan ta. Na ce kyamarar har yanzu ba a gyara ba.

Wata uku ke nan kyamarar ba a gyara ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Ranar asibiti. Sista Hosana, wadda ke sa wa Inna ruwa, ta ji ni ina rera waƙar tsohon a baranda, ta tambaye ni ta Indiya ce. Na ba ta labari kaf, har da Chundung. Ta ce ita ba 'yar can ba ce, amma matan Kuru da yawa na kawo dankalin Turawa kasuwar Gada Biyu ranar Asabar, in je in tambaya.

Da za mu fito ta ja ni gefe ta ce, "Ummusalma, in akwai wanda ya kamata a kira, a kira shi." Na ce mata to. Na ce mata na gode. Na yaba takalminta.

Asabar zan je Gada Biyu. Wace riga zan sa?

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyu da rabi

Na same ta. Na sami Loyis.

Na bi layin masu dankali ina tambaya, mace ta biyar ta nuna min wata mai goyo da ta ba ni baya tana zuba dankali a bokiti. Kafin ta juyo na gane ta, da tabon ƙunar da ke gwiwar hannunta, wanda ni na ja mata ranar da muka saci gasa masara. Na kira sunanta. Ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta saki bokitin.

Ta ce, "Ummusalma? Kai ne? Kai ne da gaske?"

Muka rungume juna a tsakiyar taɓo, dankali na gangarawa ƙarƙashin keke napep, mutane na kallo. 'Ya'yanta huɗu. Ta yi ƙiba, ta ce ni kuma na bushe kamar sandar rake. Na sa mata waƙar a kunne, ta Inna da Baturken. Ta saurara har ƙarshe tana goge ido da zanin goyo.

Sai ta faɗa min abin da ban sani ba. Ta ce, "Mama ya je sansani sau uku yana neman ku. Sau uku. Ya kai acca, ya kai zani. Innanku ya ƙi fitowa. Na ukun Mama ya tsaya bakin gate har rana ya faɗi." Ta ce tun daga nan ko sunanmu aka ambata Ngo tashi take ta bar wurin.

Na ce to yanzu fa? Ta ce za ta kai mata waƙar, abin da ta ce shi ke nan.

Na dawo da buhun dankali da ta hana ni ƙi. Inna ta ci guda ɗaya, dafaffe. Ban faɗa mata daga ina yake ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Shiru daga Loyis. Baba Dursun ya aiko wata sabuwa, ta wani da ke aika gaisuwa da tsuntsaye masu ƙaura. Inna ta yi barci kafin ta ƙare.

Litinin, 21 ga Yuli

Shiru.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Loyis ta kira. Ta ce Ngo ta ji waƙar sau biyu, ta ɗauki fartanya ta tafi gona. Yau da safe ta ce, "Muryar Maman Nura ba haka take ba. Me ya same ta?" Loyis ta ce ba ta sani ba. Ngo ta ce, "Na je sau uku. Ita ta zo sau ɗaya."

Na shiga ɗaki na durƙusa na faɗa wa Inna komai, har da dankalin. Na shirya wa faɗa. Ta daɗe tana kallon silin. Ta ce, "Ina jin muryarta a bakin ƙofar sansanin. Na san ba ita ta yi ba. Amma a lokacin ko yarensu na ji sai jikina ya ɗauki rawa." Ta ce, "Ɗauko min atamfar nan mai ganye. Ki rage mata jiki, ta yi min yawa."

Za mu je Kuru. Lahadi za mu je Kuru.

Na rage atamfar da yatsa huɗu kowane gefe. Na gwada mata. Na sake ragewa.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Komai ya kammala. Loyis ta samo mana mai tasi, Alphonsus, ta ce mutum ne mai haƙuri, zai bi a hankali. Na yi cincin da dubulan. Na sayi goro, ko da yake ban sani ba ko Ngo tana da sauran haƙoran ci. Yaya ya ce ranar Lahadi ba aiki, zai je gidan Baba Dursun, ƙarfe biyu namu huɗu nasu, mu kira a yi waƙar gaba ɗaya kai tsaye. Wai tsohon ya sa sababbin tsirkiyu saboda mu.

Jiya Inna ba ta iya riƙe ko ruwa ba. Yau da sauƙi. Yau da sauƙi sosai.

Allah Ka tsayar da ruwan sama ranar Lahadi.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan Magariba

Zan rubuta a jere, kada in rasa komai.

Ba a yi ruwa ba. Mun tashi ƙarfe goma. Inna a baya da filo biyu, tana kiran sunan kowane wuri kamar mai karatun allo, har muka wuce Bukuru. Daga nan ta daina. Duwatsun suna nan yadda na bar su, ɗaya kan ɗaya kamar wani ya jera. Ko'ina kore shar.

Ngo Chundung na tsaye bakin shinge da kayan coci, ba ta ko cire ɗankwalin zumuntar matan cocin ba. Ta tsufa, ta rankwafa. Ba ta matso ba. Alphonsus ya buɗe ƙofa, na kama Inna ta fito. Da Ngo ta gan ta sosai sai ta dafe baki. Ta tako da sauri, ta ture ni gefe, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hannun Inna.

Inna ta ce, "Na zo, ƙawa."

Ngo ta ce, "Na gani. Kin makara, gwaten acca ya huce."

Iyakar abin da suka ce ke nan a kan shekara goma sha biyar.

Inna ta ce sai ta ga gidanmu. Babu gida. Tushen gini ne, da masara a tsakiya ta kai ƙugu. Ngo ba ta ɓoye ba, ta ce, "Ɗan ƙanen mijina ne ya shuka. Na yi magana, ba a ji ba." Inna ta nuna min inda ɗakinta yake, inda murhu yake, inda Baba ke shimfiɗa buzu. Ta yi addu'a. Ngo ta sunkuyar da kai har ta shafa.

Ƙarfe biyu muka zauna a tsakar gidan Ngo. Loyis ta kifa ƙwarya a kan ruwa, Ngo ta karɓi ludayi biyu. Na kira Yaya. Aka yi ta gaisuwa ta bakin Yaya, shi ne tafinta, Baba Dursun yana ce wa Inna 'yar'uwa da yarensu, Inna tana ce masa Malam. Sai ya saki tsirkiya. Inna ta shiga. Sadarwa tana jinkiri, kiɗansa na isowa bayan muryarta, suka yi ta karo, aka yi dariya, aka sake. A karo na uku ya gane, ya riƙa jiran ta. Ta kai "ina nan tafe", ta tsaya.

Ngo ta buga ƙwarya ta amsa, rabi da Birom rabi da Hausa. Na Hausar ga shi:

Sauke kayanki, baƙuwa, sauke,
Acca ta nuna, ba ta san yare ba.
In mai mota ya wuce, ya wuce,
Wutar gidana wutarki ce.

Matan maƙwabta suka cika ƙofa. Wasu tsofaffi biyu suka kama amshin, ashe sun sani. Ta cikin waya na ji tsohon yana wani irin kira da murya, saz ɗin kamar zai tsage. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti biyar ɗin ba. Na ce a raina dole su ga wannan, dole su gani.

Na danna bidiyo.

Ni na danna. Ban sani ba ko mantuwa ce.

Fuskar Yaya ta fito yana dariya, ga tsohon a gefensa da farin gashin baki. Na juya wayar kan Inna. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ummu, matso da ita." Na matso. Ya ce, "Inna?" Inna ta ja mayafi ta rufe wuyanta, ta ce, "Na'am, Nura. Ka yi ƙiba."

Kiɗan ya tsaya. Sai kiran ya yanke.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana sai Alphonsus, shi ma da ramukan titi yake.

Litinin, 28 ga Yuli

Bai kira ba. Inna ba ta yi min magana.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Ya kira lokacin hutun cin abincinsu. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun azumi. Ya ce, "Me likita ya ce?" Na ce na rantse wa Inna. Ya ce, "To kada ki faɗa. Ɗauki hoton takardar." Na buɗe akwatin keke na ɗauka. Ban san hukuncin wannan a wurin malamai ba.

Ya yi minti goma bai dawo ba. Da ya dawo ya yi min faɗan da bai taɓa yi ba tun muna yara. Na bar shi ya gama. Ya cancanta, ni ma na cancanta.

Sannan ya faɗa min abin da ya faru bayan kiran ya yanke. Baba Dursun ne ya kashe wayar. Ya rataye saz a bango, ya zaunar da Yaya, ya ce masa lokacin da yake Jamus an rubuto masa cewa uwarsa tana ɗan fama da tari. Ya ce bari ya ƙarasa watan. Wasiƙa ta biyu ba ta tari ba ce. Ya ce, "Shekara arba'in ina waƙa a kan wata ɗaya. Waƙar ta yi daɗi, kowa na yabo. Kai kada ka zama mawaƙi. Tashi ka tafi."

Na ce, "Yaya, in ka fito ba komawa fa."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Aikin fa?"

Ya ce, "Ummu, nemo min wanda zai ɗauko ni daga Abuja."

Alhamis, 31 ga Yuli, da safe

Yana zuwa. Yaya Nura yana zuwa, ran goma ga wata. Na rubuta na sake karantawa. Yana zuwa.

Na share ɗakin zaure, na fitar da tsummokaran ɗinki buhu uku, na wanke labule. Zan yi masa fenti in hali ya yi. Ko yana cin yaji har yanzu? Ko zai ji sanyin Jos, shi da ya saba da ƙanƙara?

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Kin karya rantsuwa." Na ce bakina bai faɗa ba. Ta ce, "Ɗiyar malam ke nan, kin iya fatawa." Ta juya ga bango. Can na ji ta ce, "Katifar zauren nan ta mutu. Kada ki kwantar min da yaro a kanta."

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan Azahar

Ngo Chundung ta zo Gangare. Ita kaɗai, daga coci, da kwanon gwate a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ce tun da aka yi abin ba ta taɓa shigowa unguwar nan ba, ta yi ta tambaya har aka nuno mata gidan tela. Ta ba Inna a baki, cokali bakwai. Ni ko uku ba na samu.

Saura kwana bakwai.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya, a asibiti

An kwantar da Inna.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Sista Hosana ta tambaye ni yaushe zai iso. Na ce Lahadi. Sai ta gyara ruwan.

Saura huɗu. Huɗu ba yawa. Na sa wa Inna waƙar Kuru a kunne, yatsanta yana bin ƙwaryar.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Ta farka ta nemi shayi. Ta ce a mai da ita gida, ba za ta tarbi ɗanta a gadon asibiti ba. Likita ya dube ni, na dube shi, ya sa hannu.

Yaya ya aiko hoton jakarsa. Ma'aikatan sun yi masa walima da shayi da burodi. Baba Dursun bai zo ba, wai ba ya sallama da kowa, ya ƙoshi da ita.

Na yi lalle. Ban san dalili ba, sai ka ce ni ce amarya.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Jiya jirginsa ya sauka, ya kwana a Abuja, Alphonsus ya ɗauko shi da asuba. Tun ƙarfe goma nake bakin layi. Sha biyu da kwata motar ta shigo. Ya fi da tsawo a idona, ga furfura a gemu. Ya sa hannun hagu a aljihun rigar sanyi, da dama ya dafa kaina. Ban iya cewa komai ba sai "sannu da hanya", kamar wanda ya dawo daga Bauchi.

Inna ta sa na zaunar da ita a kujera tun safe, da kwalli da turare. Ya yi sallama ya durƙusa a gabanta. Ta dube shi ta ce, "Wa ya ce ka zo?"

Ya ce, "Ba kowa, Inna."

Ta ce, "Ba ni hannunka."

Ya miƙa dama. Ta ce, "Duka biyun."

Ya daɗe kafin ya fito da na hagun. Yatsu biyu na ƙarshe babu su, daga gaɓa ta biyu. Wurin ya warke tuntuni, fatar ta yi sumul. Ya ce injin matse kaya ne, shekara uku da suka wuce, ba wani abu ba ne, bai so hankalinmu ya tashi ba.

Shekara uku. Ni da ya yi wa faɗa waccan Larabar.

Inna ta riƙe hannun a cinyarta tana shafa wurin da babban yatsa. Na jira kuka. Sai na ga kafaɗarta na rawa, ashe dariya take, marar sauti, irin wadda ƙarfinta ya kai. Yaya ya kifa kansa a gwiwarta.

Ta ce, "Gidan maƙaryata. Auta, zubo masa abinci. Ki kawo nan, a gabana zai ci."

Na kawo. Ya ci, tana kallon kowace loma. Da ya kai rabi ta ce ya ɗebo mata kaɗan daga gefen da ya ci.